Rabin Kitson da Goggo Ta Bari

Daga Allah muke, gare shi za mu koma, Goggo kuma ta riga mu. Wannan na karɓa, ban yi jayayya ba. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne abin da aka yi mata bayan maza sun dawo daga maƙabarta.

Tun da aka shimfiɗa tabarmi a tsakar gidanmu na unguwar Ganou mutane ke shigowa, na Parakou da waɗanda suka taso daga Djougou, kowa da maganarsa iri ɗaya kamar an raba musu a bakin ƙofa. Allah sarki, baiwar Allah mai haƙuri. Ba a taɓa jin kanta da kowa ba. Wata dangin nesa da Goggo ta taɓa kora daga gidan nan da takalmi a hannu, ita ta fi kowa kuka, tana rantsuwa marigayiya ba ta iya ɗaga murya ba. Na dubi mahaifiyata, ta sunkuyar da kai tana ƙirga zaren tabarma. Na ce a raina ko dai mutanen nan sun yi ɓatan gida ne, wata gawar suka zo wa.

Mutum ɗaya ce ta yi mini ta'aziyyar da na gane. Ƙawar Goggo ce tun ƙuruciya, matar wani mahauci, muna ce mata Inna ta Tourou. Ta shigo da kallabi ɗaure tamau har kan gira, ta samu lungu ta zauna, ba ta gaida kowa ba. Da aka matsa mata da sannu, sai ta ce, “Matar nan ta cuce ni.” Mata suka fara kallon juna ana taɓe baki. Ni kuwa sai a lokacin hawayena suka zubo, don na ji an ambaci Goggon da na sani.

Goggo yayar mahaifina ce, makitsiya. Ta yi faɗa da rabin unguwa, ta yi wa ɗaya rabin kitso, sau da yawa ma mutanen ɗaya ne. Ba ta da haƙuri, ba ta da kawaici, in ka yi abin kunya gabanta sai ka ji shi da sunansa. Kuma duk Ganou babu wanda ya kai ta iya ba da labari.

Ranar sadakar uku Baffa ya aika a kira ni zaure. Baffa ƙanin Goggo ne, wan mahaifina, tun rasuwar mahaifina shi ne babban gida. Ya san ina rubuta labarai mata suna karantawa a waya, don haka ya ce ni zan rubuta sanarwar da za a kai gidan rediyo, saboda dangin da ba su samu zuwa ba. Ya jero mini abin da zan sa: mai haƙuri, mai ibada, ba ruwanta da surutu. Na ce to labaranta fa, Baffa? Ya tattara babbar rigarsa ya ce, “Wannan ki bar shi. Ba na so a ce ’yar’uwata ta tafi gaban Allah da tatsuniya a baki. C’est tout, magana ta ƙare.”

Ba a musu da babba a gaban baƙi, na tashi na fita. Amma ban rubuta ba. Ya sa wani ya rubuta masa, washegari muka ji a rediyo ana yabon wata mata mai shiru-shiru da sunan Goggo. Na kashe rediyon har sai da maɓallin ya fita a hannuna. An binne ta sau ɗaya a ƙasa, ga shi ana son a sake binne ta da yabo, nan da shekara kaɗan jikoki su tashi ba su san an yi mai labari a gidan ba. Wannan ne ya hana ni cin abinci, ba mutuwar ba.

Ga yadda take aiki. Tana zama a ’yar kujerarta gindin mangwaro, kibiya da matsefi da kwalbar man kaɗe a gefe, mai kitso ta zauna ƙasa ta kwantar da kai a cinyarta. Kitso yana ɗaukar yini, wuya yana gajiya, fatar kai tana zafi. Sauran makitsa suna fama da mutane da “tsaya mana” da dungure musu kai. Goggo labari take farawa tare da tsagar farko. Ma'auninta ɗaya ne tak, kan da ke cinyarta. In kai ya tsaya cak, labari yana tafiya. In ya motsa, ko mai shi ta fara sosa ƙafa, ko ta tambayi ƙarfe nawa, to labari ya saki, nan take za ta yar da abin da take bayani ta jefo wani abu ya faru. Ba ta taɓa ɗora laifi a kan mai sauraro ba. Cewa take wuyan mutum ba ya ƙarya.

Kuma tana zaɓen labari daidai kai. Amarya da irin nata, mai jego da irin nata. Matan da suka fita takaba, ita ke bin su har ɗaki ta yi musu kitson farko, ba a kira ta ba, ta kuma ƙi tashi sai ta ga mace ta yi dariya. Na taɓa raka ta wajen wata da ta yi watanni ba ta ɗaga ido ba. Goggo ta faro labarin wani miji mai rowa da ya ɓoye tsire a hularsa ya shiga sallar jam'i, kyanwar masallaci ta bi shi sahu-sahu. Kafin a gama gefe ɗaya matar tana dariya tana kuka a haɗe, surukarta tana leƙowa tana harara. Goggo ta rama hararar, ta ci gaba da kitsonta. Wannan ne Baffa ya ce kunya ce a ambata.

Da na fara rubutu, ita na fara kai wa. Ba ta karatun boko, sai in karanta mata tana aiki. Labarina na farko ya buɗe da fitowar rana, da kukan tsuntsaye, da wata kyakkyawa mai dogon hanci da na yi shafi guda ina siffantawa. Ban kai ƙarshen shafin ba ta ce, “Rana ta fito a labarinki. To a gidan wa ba ta fito ba?” Matar da ake yi wa kitso ta tuntsire da dariya. Goggo ta ce in fara daga inda tukunya ta fashe, wanda ya gina tukunyar da kasuwar da aka sayo ta duk za su iya jira. Hancin yarinya kuwa ta ce ba ta ga abin da zai yi a labarin ba, sai in wani zai karya shi.

Na ji haushi, na kuma ci gaba da zuwa. Takan tsayar da ni a tsakiyar zance ta ce mutane ba sa magana haka. Mace mai fushi da miji ba ta cewa ina fushi da kai, cewa take miyar ta ƙare, alhali ga tukunya cike. Uwa mai kewar ɗanta ba ta cewa na yi kewarka, cewa take ka rame. Ta ce in je kasuwa in zauna kusa da masu nama in rufe bakina in buɗe kunne, in ji yadda ake zagi da yadda ake neman sulhu ba tare da an ce yi haƙuri ba.

Wata rana na kawo mata labarin wani attajiri mai jirgin sama a wata ƙasa da ban taɓa zuwa ba. Ranar ni ce a cinyarta. Ta bari na yi nisa, sannan ta tambaye ni ko na taɓa ganin Kaka, wato mahaifiyarsu, ta ci naman shanu. Na ce a'a. A garin da mahauta suka yi mana zobe, Kaka har ta rasu kifi da kaza take ci, ko layya aka yi da sa sai a dafa mata nata daban. Na ce ai ciwon ciki ne. Goggo ta ja gashina ta ce, “Haka aka ce miki. Ke da ba ki ga abin da ke cikin kwanon kakarki ba, za ki ba ni labarin cikin jirgi?” Ta ce labarin gidanku ya ishe ki har ki mutu, sai dai ki canza masa riga don kada a gane mai shi a hanya.

Abin da ta fi tsana shi ne mutumin kirki tsantsa. In na kawo mata yarinya mai ladabi da ba ta taɓa laifi ba, sai ta ce yaushe za a yi mata wanka, don gawa kaɗai ake yi wa irin wannan shaida. Mugu ma ba ta yarda a bar shi haka nan. Ruwa ba ya tsami banza, in ji ta, ki ba shi dalilin da in ke ce a wurinsa za ki iya yin abin da ya yi. Shi ya sa duk wanda ya zauna a tabarmar makokinta ya ce mai haƙuri, ji nake kamar ya tofa mata yawu. Sun yi mata abin da ba ta yarda a yi wa ko mutumin ƙarya na cikin labari ba.

Babban faɗanmu a kan ƙarshen wani labari ne. Na rubuta wani azzalumin ɗan'uwa da ya cinye gadon marayu, na rasa yadda zan yi da shi, sai na sa mota ta buge shi a hanyar Djougou, na rufe da wa'azi. Mata a waya suka yi ta yabo. Na zo da ƙafafuna ina taƙama na karanta mata. Ta ce, “Kin gaji ne kika kira mota.” Na ce mutane sun so shi. Ta ce mutane suna son alewa ma. Na ce ita ba ta taɓa rubuta ko layi ɗaya ba, da baki kowa gwani ne. Ta ce in ɗauke ƙafata daga gindin mangwaronta. Na ɗauke. Har yau ina ganin ta yi tsanani, labarin bai kai munin da ta ce ba, kuma da tana nan da na sake faɗa mata.

Muka daɗe ba ma magana, gida ɗaya. Ita ta fara karyawa, irin nata. Ta wuce ni a bakin rijiya ta ce wa mahaifiyata, da ƙarfi, a gaya wa waccan kanta ya zama sheƙar angulu, tana zubar mata da mutunci a unguwa. Na zo na zauna. Tana tsaga tana nuna mini da kibiya, gashin da za a ƙulle da shi a ƙeya tun daga goshi ake ɗauko shi, ana tafe ana ƙara masa. Ba a zuwa ƙeya a aro gashin wani. Ƙarshen labari ma daga cikin mutanensa zai fito, daga abin da suka yi da hannunsu tun farko. Kuma in ina son kai ya tsaya, in sa mutum tsakanin abu biyu da yake so, in hana shi ɗaukar duka biyun.

Da Baffa kuwa faɗansu ya girme ni. Ba ya zama inda take labari. In ya ratso tsakar gida ya tarar da mata an yi tsit ana sauraro, sai ya yi tsaki ya ce a ji tsoron Allah. Ita kuma ba ta fasawa, sai ta ɗaga kibiya ta nuna bayansa ta ce, “Alhaji, naka yana nan a ajiye.” Mu muna ɗauka tsokana ce ta ya da ƙani. Shi ba ya dariya, sauri yake ƙarawa.

Bayan sadakar bakwai baƙin Djougou suka watse, gida ya yi sauƙi. Da la'asar Inna ta Tourou ta dawo. Ta wuce kowa ta tafi gindin mangwaro, ta zauna a ƙasa gaban kujerar Goggo, ta kira ni, ta kwance kallabinta. Gefen dama kitso ne shar, layi-layi, hannun Goggo ne ko makaho ya shafa zai gane. Gefen hagu gashi ne a tsefe, ya cukurkuɗe. A kan kitson nan ciwon ajali ya faɗo wa Goggo. Tana cikin kitso da labari kibiya ta suɓuce, baki ya karkace, aka kwashe ta zuwa asibiti, ba ta ƙara magana ba. Tun ranar Inna ta hana kowace makitsiya taɓa kan.

Ta ce, “Ɗiyata, ƙarasa mini. Kan da labarin duka.”

Na zauna a kujerar, na ɗauki kibiya. Inna ta maimaita mini inda aka tsaya. Labarin wata mata ce a wajen ƙauyen Pélébina, tana da saniya guda, ita kaɗai ce abin da ta fito da shi daga gidan uwarta, ita take tatsa da hannunta. Tana da ɗa saurayi. Wata safiya aka tashi babu saniya babu ɗa. Ta yafa mayafi ta bi hanya, tana tambayar makiyaya da dillalai, har ta iso kasuwar shanu ta Tourou ƙafafunta a kumbure. Ta tarar an kayar da saniyar, mahauci yana wasa wuƙa, ga ɗanta tsaye a gefe, shi ya sayar. Saniyar ta ji ƙamshinta ta ɗago kai tana kuka. Mahauci ya lura, ya tambayi matar ko ta san dabbar. In ta ce tata ce, kasuwa za ta rufe ɗanta da duka a matsayin ɓarawo, kowa ya san abin da ake yi wa ɓarawon shanu. In ta yi shiru, za a yanka. Nan kibiya ta faɗi.

Na gane dalilin da Inna ta ce an cuce ta. Ni ma na ji haushin Goggo ya taso mini, mace ta kai mutum nan ta tafi ta bar shi.

Baffa yana zaune bakin zaure ta ciki da carbinsa, inda zai iya jin mu. Na gan shi, na kuma ɗaga murya da gangan. Na fara tsaga, na ci gaba da labarin da duk fushin da na tara tun ranar rediyo. Na sa matar ta ɗora hannu a ka ta yi ihun ɓarawo. Na sa dillalai suka yi ca a kan yaron da sanduna, na sa ya faɗi yana kiran uwarsa tana kallo, na ce alhaki ne. Ina cikin haka na ji kan Inna ya motsa a cinyata. Ta gyara zama, ta sosa ƙafa. Na san abin da wannan ke nufi, na ƙara wa yaron duka ko zan tsayar da ita, kan ya sake motsawa.

“Ba haka aka yi ba.”

Baffa ne. Bai dube mu ba, carbin yake kallo. Duk matan tsakar gida suka tsaya da abin da suke yi.

Ya ce, “Ba ta yi ihu ba. Ta dubi saniyar ta ce wa mahaucin ba ta taɓa ganinta ba. Ta tsaya nan har aka yanka, har aka fara fiɗa. Sannan ta zo ta kama hannuna ta ce mu je gida, hanya da nisa.”

Kan Inna ya tsaya cak. Ni kuwa kwanon Kaka ne ya faɗo mini a rai, kifi da kaza, shekara da shekaru, da tukunyarta daban ranar layya. Goggo ta ɗauko mini wannan gashin tun daga goshi, ban gani ba.

Baffa ya ajiye carbinsa. Can ya tambayi Inna, murya ƙasa-ƙasa, ko Goggo ta faɗi abin da ya sa yaron ya yi haka. Inna ta ce ta faɗa, ta ma daɗe a wurin. Ta ce uban yaron ne ya tsayar da shi gaban mutane a ƙofar gida ya ce ba zai taɓa zama komai ba, ko akuya ba za a ba shi amana ba, yaron ya kwana uku bai ci abinci ba, yana son ya kama sana'a ya nuna wa ubansa. Ta ce har sai da ta ji tausayin yaron ya fi na saniyar.

Baffa ya sa hannun riga ya goge fuska. Ya tashi, ya kai bakin ƙofa, ya tsaya bai juyo ba. Ya ce, “Ki rubuta. Amma yadda ta faro shi. Kada ki hana yaron dalilinsa.”

Ban huce ba, kada wani ya ɗauka na huce. Sanarwar ta riga ta tafi, mutanen Djougou da na ƙauyuka sun riga sun ji an yi rashin wata mai shiru-shiru, kuma tsoron mutum ɗaya ne ya jawo mata wannan. Na gaya wa Baffa haka daga baya, a ɗakinsa, bai kore ni ba. Amma ga shi na rubuta, da yawunsa.

Ranar na ƙarasa wa Inna kitson kafin magariba. Layukana sun karkace, sun fi nata kauri, duk wanda ya dubi kan zai ga daidai inda hannun Goggo ya tsaya nawa ya ɗauka. Na ce bari in tsefe duka in sake don ya yi daidai. Inna ta buge mini hannu ta ce in na taɓa gefen dama sai ta karya mini yatsu.

Allah ya jiƙan Goggo, mai faɗa, mai gatse, mai korar baƙo da takalmi, wadda ta sa zawarawa dariya. Tana da laifuffukan da za a yafe mata, ya Allah ka yafe mata su. Kujerarta tana nan gindin mangwaro, kibiyar tana hannuna.